GIDA A KAN TAYA HUƊU: Yadda Ake Shirya Tsohuwar Mota Domin Doguwar Tafiya

Duk wanda ya yi wayo a birnin Kano cikin shekarun 1970 da na 1980 ba zai manta da wasu baƙi da kan sauka garin da zarar hunturu ya kama ba. Turawa ne, galibinsu samari da 'yan mata daga Jamus ta Yamma da Faransa da Holan da Ingila. Sukan shigo ta hanyar Damagaram cikin motoci ƙirar Volkswagen Kombi, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, an jera jarkoki bisa rufi, an ɗaure shebur da wasu faranten ƙarfe masu huji a jikin motar. Masaukinsu shi ne sansanin baƙi masu yawon buɗe ido da ke Bompai. Yara kan leƙa ta taga su yi ta mamaki, domin kuwa ga gado, ga risho, ga 'yar kabad ta kwanuka, har da labule, watau dai ɗaki sosai a cikin mota.

Waɗannan bayin Allah sun baro birnin Aljiyas ne, suka bi ta Tamanraset da In Gezzam, suka shiga Jamhuriyar Nijar ta Asamaka, sa'an nan Arlit da Agadas da Damagaram, tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Sai a 1978 kwalta ta isa Tamanraset, daga nan kuwa zuwa Arlit ba kome sai rairayi da duwatsu da sawun motocin da suka riga suka wuce. Waɗanda muka gani a Kano su ne waɗanda motocinsu suka kai. Sauran sun bar nasu a yashin Lawuni, tsakanin Tamanraset da In Gezzam, inda gawawwakin motoci suka zama alamar hanya ga masu zuwa daga baya.

Wannan hanya ta mutu ga masu yawon buɗe ido. Tawayen Abzinawa da yaƙin basasar Aljeriya cikin shekarun 1990 suka fara kashe ta, sace Turawa 32 da aka yi a kudancin Aljeriya a 2003 kuma ya ƙara tsorata jama'a. Matafiya sun koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya da Senegal. Amma sha'awar ba ta mutu ba, har ma ta kama 'yan ƙasarmu. Newton Jibunoh ya ƙetare Sahara da mota shi kaɗai tun cikin shekarun 1960. A 2024 kuma wata budurwa, Pelumi Nubi, ta baro London a ƙarshen Janairu cikin wata 'yar ƙaramar Peugeot 107 da ta gyara ta sa wurin kwanciya, ta iso Legas cikin Afrilu, duk da haɗarin da ta yi a Kodibuwa. Saboda haka bai zama ɓata lokaci ba mu duba yadda ake shirya irin wannan mota, musamman tsohuwa, tun da yake sabuwa sai mai hannu da shuni.

A FARA DUBA ƘASAN MOTA

Kuskuren da yawancin masu saye ke yi shi ne su buɗe ƙofa su ga katifa mai laushi da kabad mai sheƙi, nan take hankalinsu ya kwanta. Alhali kuwa kafinta zai iya yin waɗannan duka cikin mako guda. Abin da ya kamata mai saye ya fara yi shi ne ya shimfiɗa tabarma ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila da sukudireba. A ƙasashen Turai ana barbaɗa gishiri a kan tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, wannan gishiri kuwa yana cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin azara. Duk inda sukudireba ta nutse, to, tsatsa ta gama da wurin. A kula ƙwarai da inda sifirin da shokazoba suke kama jikin mota, da gindin ƙofofi, da wurin kafa jak. A kuma bi jikin motar da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cika shi da ƙullin masu gyaran jiki ne aka shafe da fenti. Inji idan ya lalace ana saukewa a ɗora wani, amma motar da ƙashinta ya ruɓe, ko mai walda ya kwana a kanta, gargada za ta sake tsaga ta.

Abu na biyu shi ne irin motar. A ganina ƙa'ida ɗaya ce: a sayi wadda makanikan hanya suka sani. Abin da ya ɗaukaka Kombi ke nan. Tun 1950 aka fara ƙera ta a Jamus, kamfanin Westfalia ya fara mayar da ita motar kwana tun 1951, a ƙasar Barazil kuma ba a daina ƙera ta ba sai a ƙarshen 2013. Mutanen Legas ba sa bukatar a gabatar musu da ita, tun da ita ce asalin danfo. A yau Toyota Hiace ce ta gaji wannan matsayi a yawancin tashoshin Afirka. Motocin gas na Turai kuwa da aka ƙera daga wajen 2009 zuwa sama suna da wata matata a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi, wadda kan toshe idan aka daɗe ana zuba man gas mai yawan farar wuta. In ta toshe, kwamfutar motar sai ta rage wa injin ƙarfi, makanikin ƙauye kuwa ba abin da zai iya yi da sufana. A kuma tuna cewa motar Ingila sitiyarinta a dama yake, alhali ƙasashen da ke kan wannan hanya hannun dama suke bi, Nijeriya ma tun 1972. Mai irin wannan mota ba ya ganin gabansa idan zai wuce babbar mota sai ya dogara da idon abokin tafiyarsa.

INJI DA HALAYENSA

Injin tsohuwar Kombi a baya yake, kuma ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Masu tafiya hamada sun so shi saboda haka, domin ba ruwan da zai tafasa ko ya zube. Sai dai kuma ransa duka yana rataye ne a kan fanbel guda ɗaya, wanda ke juya fanka da janareto tare. Idan ya tsinke jar fitila za ta kama a gaban direba, in bai tsaya nan take ba, cikin 'yan mintoci injin ya ƙone. Baƙin mansa lita biyu da rabi ne kacal, ba shi da matatar mai sai ɗan rariya, don haka aka ƙa'ide a juye shi duk bayan kilomita 5,000, a cikin ƙura kuwa gara a raba wannan biyu. A lokacin ne kuma ake daidaita bawul, ana barin tazarar milimita 0.15 injin yana sanyi. Wanda bai iya wannan aiki da hannunsa ba bai isa fita da wannan mota ba tukuna.

Akwai wani abu ƙarami da ya cinye Kombi masu yawa, watau tiyon fetur. Roba ce, takan bushe ta tsattsage, ta riƙa ɗiga a kan inji mai zafi, direba yana can gaba bai sani ba sai ya hangi hayaƙi a madubi. Kuɗin sabon tiyo bai kai na cin abincin rana ba. A sauya shi duka, a kuma rataye abin kashe gobara inda hannu zai kai ba tare da an sauke kaya ba.

Kowace irin mota ce, kafin a tashi a sabunta burki da kuloci da boris na ƙafafu da shokazoba da batir, in mai bel ɗin cikin inji ce shi ma a sauya ko da mai sayarwa ya rantse sabo ne. Waɗanda aka cire in da sauran rai a cikinsu a tafi da su safaya. Akwai hikima a nan: wanda ya cire abu da hannunsa a gida ya tabbata yana da sufanar da ta dace da shi.

NAUYI SHI NE ABOKIN GABA

Bari mu yi ɗan lissafi irin na matafiyan da. Daga Tamanraset zuwa Arlit ya haura kilomita 600, kuma ba a dogara da samun mai a tsakani. Tankin Kombi bai wuce lita 60 ba. A kan kwalta takan sha wajen lita 12 a kilomita 100, a cikin yashi kuwa sai ta kusa ninka haka. Ke nan sai an ƙara aƙalla jarka huɗu masu cin lita ashirin-ashirin, kowace kuwa in ta cika ta doshi kilo 20. Ga ruwa: mutum biyu, kowa lita 10 a yini, kwana biyar, lita 100 ke nan, watau kilo 100. Ba a sa safayar taya biyu ba, ba a sa akwatin sufanu da abinci da su kansu matafiyan ba. Kafin a ankara an kai iyakar abin da motar za ta iya ɗauka.

Shi ya sa nake ganin masu cika motar da kabad-kabad na katako mai kauri suna cutar kansu. Kowane kilo na ado an ɗebe shi ne daga rabon ruwa da mai. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Rufi kuwa na tabarma ne da kujerun naɗewa. Jarkokin nan da muka riƙa gani a saman motocin Turawa dole ce ta sa, amma suna sa mota tangaɗi a kwana, suna kuma tsaga ginshiƙan rufi. Bugu da ƙari, duk abin da ba a ɗaure ba zai zama makami ranar da aka taka burki da ƙarfi.

A cikin ɗakin, gado da gidan sauro a tagogi su ne kan gaba. Wutar fitilu da firji a ba su batir na biyu daban, yadda ko an kwana ana shan sanyi, batirin tayar da mota na nan da ƙarfinsa. Matafiyan yau sun fi na da sa'a, domin faifan hasken rana guda a kan rufi ya isa riƙe ƙaramin firji. Tukunyar gas a ɗaure ta tsaye cikin akwati mai huji a ƙasa. Kada kuma a kuskura a kunna risho ko gawayi a rufe tagogi don jin ɗumi, iskar da ke fita daga cikinsu ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai mutum zai ji, daga nan sai labari.

YASHI DA GARGADA

Faranten ƙarfen nan masu huji asalinsu na shimfiɗa filin saukar jiragen sama ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Idan mota ta kafe sai a haƙe gaban tayoyin da shebur, a cusa su, a hau. Amma dabarar da ta fi su ita ce rage iskar taya zuwa wajen rabi kafin a shiga yashi mai laushi, don tayar ta baje kamar tafin raƙumi. Wannan na nufin dole a riƙe famfo mai kyau da ma'aunin iska, domin tafiya da sauri kan tsakuwa da taya mara iska yaga ta zai yi. Yashi ya fi tauri da sassafe kafin rana ta gasa shi. Gargada kuwa kwance noti take yi, don haka kowace yamma sai an zagaya mota da sufana. Ko masu shiri na musamman hamada ba ta ragar musu: Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta lokacin, ya ɓata kwana shida a Sahara cikin Janairu 1982 lokacin tseren Faris zuwa Dakar, bayan motarsu ta lalace.

Sauran magana ta takardu ce. Ban da fasfo da biza, akwai lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da katin allurar shawara, da takardun mallakar mota da sunan wanda ke tuƙa ta, lambar inji da ta jiki kuma su dace da abin da ke rubuce harafi da harafi. Akwai inshora mai launin ƙasa-ƙasa da ƙasashen ECOWAS suka kafa a 1982. Wasu ƙasashen kuma kwastan nasu na neman wani littafi da ake kira karne, wanda ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa bayan an ajiye kuɗin jingina, shaidar cewa ba sayar da motar za a yi a cikin ƙasar ba. Shekara ɗaya yake aiki, kuma duk inda aka buga hatimin shiga aka manta na fita, kuɗin jinginar na cikin haɗari.

In an kammala duk wannan, kada a nufi iyakar ƙasa tukuna. A cika tanki da jarkoki, a loda kome da kome, a kai motar kan sikelin manyan motoci a gwada nauyinta da abin da masu ƙira suka rubuta a jikinta. Sa'an nan a tafi wani wuri da bai fi tafiyar yini ɗaya daga gida ba, ta hanya mara kwalta, a yi mako guda ana kwana ana girki a cikinta. A sauya taya ɗaya da gangan don a ga ko jak zai iya ɗaga ta da lodi. Idan an komo, a sauke duk abin da ba a taɓa ba cikin makon nan, in ban da magunguna da kayan gyara da abin kashe gobara, a sake komawa kan sikeli.