Ma'adanar Kwamfuta: Inda Bayanai Ke Zama da Yadda Suke Salwanta

Kowace kwamfuta, ko ta tebur ce ko ta ɗorawa a cinya ko wayar hannu, ta dogara ne da sassa uku da aikinsu ya sha bamban: firosesa, wadda ke yin lissafi da zartar da umarni, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke riƙe abin da ake aiki a kansa a lokacin, sai kuma ma'adana, inda bayanai ke zama bayan an kashe na'ura. Sauran kayan da ake jonawa daga waje, irin su kibod da maus da allon kallo da firinta, hanyoyi ne na shigar da bayani ko fitar da shi, kuma idan ɗaya ya lalace sai a sayi wani. Ma'adana ce kaɗai kuɗi ba sa mayar da abin da ke cikinta, amma abin mamaki ita ce mai saye ya fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin hankalinsa yakan tafi ne ga saurin firosesa da kyawun allo.

Bambancin RAM da ma'adana shi ne abu na farko da ya kamata mai amfani da kwamfuta ya fahimta. RAM tamkar allon almajiri ce, ana rubutu a kanta ana wankewa, kuma ba ta iya riƙe komai sai da wutar lantarki, shi ya sa duk rubutun da ba a adana ba yake ɓacewa da zarar wuta ta ɗauke wa kwamfutar tebur. A ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, inda ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne, na'urar UPS, wadda batirinta ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci har a adana aiki a kashe ta yadda ya kamata, ta wuce a kira ta kayan ado.

Ana auna bayanai da bit, wato alama guda mai matsayi biyu kacal, 0 ko 1, kuma bit 8 ke yin bait guda. A tsarin rubuta haruffa na UTF-8, wanda yawancin shafukan intanet ke amfani da shi, harafin boko na yau da kullum yana cin bait ɗaya, amma haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kowannensu yana cin biyu. Wajen ƙidaya manyan ma'aunai irin su gigabait da terabait, masu ƙera ma'adana suna lissafi da 1,000, manhajar Windows kuwa tana lissafi da 1,024, wannan ne ya sa faifan da aka rubuta masa terabait 1 yake bayyana a matsayin gigabait 931 ko kusa da haka, ba don an yi wa mai saye algus ba.

Faifan maganaɗisu mai juyawa tsohuwar ma'adana ce da har yanzu take aiki. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da na farko a shekarar 1956 tare da kwamfutar RAMAC, yana ɗauke da faya-fayai 50 masu faɗin inci 24 kowanne, ga nauyin kimanin tan guda, amma abin da yake iya riƙewa bai wuce haruffa miliyan 5 ba, wanda hoto ɗaya na wayar zamani zai iya cinyewa. Tsarin bai canza ba har yau, girman ne ya ragu: faya-fayan suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, yayin da wani ɗan kai mai karatu da rubutu yake shawagi a samansu da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. A nan rauninsa yake, domin idan kwamfuta ta faɗi ko aka girgiza ta da ƙarfi tana cikin aiki, kan yana iya gogar faifan ya kankare wurin da bayanai suke.

Ma'adanar filash, wadda injiniya Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya gabatar da nau'inta na farko a 1984 da na biyu a 1987, ba ta da wani sashe mai motsi, kuma ita ce ke cikin katin memori da filash na USB da ma'adanar SSD ta kwamfuta da wayoyin hannu. Tana adana bayani ne ta hanyar kulle cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. Ta fi faifai sauri nesa ba kusa ba, ta kuma fi shi jure faɗuwa, sai dai duk lokacin da aka goge aka sake rubutu, shingen da ke tsare cajin yana ƙara rauni, kuma idan aka ajiye ta shekaru ba tare da an jona ta da wuta ba, cajin yakan riƙa zurarewa a hankali, zafi kuma yana hanzarta hakan. Saboda haka filash ɗin da aka jefa a akwati a ɗaki mai zafin bazara ba wurin ajiyar takardun gado ko hotunan iyali ba ne. Ga kuma matsalar jabu: akwai filash da katin memori da ake sauya wa bayanin girma, su nuna gigabait 64 alhali abin da suke ɗauka bai kai haka ba, kuma idan wurin gaske ya cika sai sababbin fayiloli su riƙa danne tsofaffi ba tare da wani gargaɗi ba.

Masu kula da bayanai sun daɗe da bin wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1, wato a mallaki kwafi uku na duk abin da ke da muhimmanci, a kan nau'in ma'adana biyu daban, ɗaya kuma a ajiye shi a wani wuri na dabam, domin gobara ko ambaliya ko ɓarawo ba sa barin kwafin da ke gefen kwamfuta. Ajiya ta intanet tana iya zama wannan kwafi na nesa, ko da yake ita ma faya-fayai ne na wani kamfani a wani gini mai nisa, kuma isa gare su ya rataya ne a kan data da kalmar sirri.

Ko ma'adana tana lafiya lau, na'urar karanta ta tana iya ɓacewa daga kasuwa. Ƙaramin faifan filofi mai inci 3.5, wanda ke ɗaukar megabait 1.44, ya mamaye ofisoshi a shekarun 1990, amma kamfanin Sony ya daina ƙera shi a 2011, gwamnatin Japan kuma sai a 2024 ta kammala soke dokokin da ke tilasta amfani da shi. Faifan CD, wanda Philips da Sony suka fito da shi a 1982, ya kama wannan hanya, tun da yawancin sababbin kwamfutocin cinya ba sa zuwa da wurin saka shi, kuma makarantu da gidajen rediyo da ɗakunan karatu da suka tara wa'azi da laccoci da kundayen bincike a kansa suna bukatar kwashe su zuwa sababbin ma'adanai tun ana samun na'urar da za ta karanta su.