Sarƙar Taimin a Injin Mota: Abin da Ya Kamata Masu Motoci da Direbobi Su Sani

Daga cikin kayan injin mota akwai wanda direba ba ya gani, domin yana rufe cikin murfin ƙarfe, amma idan ya lalace yana iya jawo asarar injin baki ɗaya. Wannan shi ne sarƙar taimin. Ita ce ke haɗa kiranshaf, wato sandar da fistan ke juyawa, da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul tana rufewa. Kiranshaf zai juya sau 2 kafin kamshaf ya juya sau 1, kuma aikin sarƙar shi ne ta riƙe wannan lissafi ba tare da kuskuren ko da haƙori ɗaya ba.

Ba kowace mota ke da sarƙa ba, wasu bel na roba gare su. Peugeot 504 mai amfani da fetur, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, sarƙa gare ta, amma 406 bel ce. Toyota Camry mai silinda 4 ta koma sarƙa daga samfurin 2002, Honda Accord mai silinda 4 kuwa daga na 2003, yayin da Accord mai silinda 6 ta ci gaba da amfani da bel. Shi bel ana canza shi ne bayan wani adadin kilomita da kamfani ya ƙayyade. Ita kuwa sarƙa an ƙera ta ne domin ta daɗe tare da injin, kuma wannan ya sa mutane da yawa ke ɗaukar cewa ba ta buƙatar kulawa.

Gaskiyar magana, rayuwar sarƙa tana cikin baƙin mai. A cikinsa take gudu, kuma a yawancin injinan zamani ƙarfin man ne ke tura tenshina, wato na'urar da ke ɗaure sarƙar don kada ta yi sako-sako. Idan mai ya tsufa ko ya yi datti, sai ƙananan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓin sarƙar su riƙa cinyewa. Kowace gaɓa kaɗan take sakewa, amma idan aka tara su sai a ga sarƙar ta ƙara tsawo. Shi ne abin da kanikawa ke nufi idan suka ce sarƙa ta miƙe. Ƙurar hunturu, zafin bazara da tsayuwa cikin cunkoso duk suna saurin kashe mai, saboda haka ya fi dacewa a riƙa yin juye da canza filta kafin cikar wa'adin da aka saba. A yi amfani da man da kamfanin motar ya rubuta. Zuba mai kauri irin 20W-50 a injin da aka yi wa 5W-30, da sunan wai ƙasarmu akwai zafi, yana jinkirta isar mai zuwa tenshina lokacin tayar da mota. Man da ake aunawa a bakin titi ba tare da hatimi ba kuwa, babu mai iya tabbatar da abin da ke cikinsa.

Alamar farko ita ce ƙara kamar ta ƙacau-ƙacau daga wajen murfin taimin idan an tayar da mota da safe, wadda takan ɗauke bayan 'yan daƙiƙoƙi. Daga baya injin ya fara rawa, ƙarfinsa ya ragu, shan fetur ya ƙaru, fitilar gargaɗi ta kama. Idan aka sa kwamfutar bincike, sau da yawa takan nuna lamba P0016 ko P0017. Ana shawartar jama'a da kada su yarda a goge lambar kawai a ce an gyara. Idan sarƙa ta tsallake haƙora ko ta tsinke, a injina da dama fistan zai doki bawul ya lanƙwasa su, kuma aikin ya tashi daga canjin sarƙa zuwa sauke kan injin. Motar da ta yi irin wannan ƙara ta mutu nan take, kada a ci gaba da murza makulli ko tura ta. A jawo ta zuwa gareji.

Wajen gyara, a sayi kayan gaba ɗaya: sarƙa, tenshina, robobin da take bi a kai, ƙafafun masu haƙora idan sun cinye, da sil ɗin kiranshaf. Sa sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora tsimi ne na banza, domin kuɗin buɗe injin ne za a sake biya. Bakanike zai tsayar da fistan na 1 a ƙololuwa, ya daidaita gaɓoɓin sarƙa masu launi da alamomin da ke jikin ƙafafun, ya ɗaure kowane noti gwargwadon awon kamfani. Kafin a kunna, wajibi ne ya juya injin da hannu zagaye 2 cikakku ya tabbatar babu inda ya cije, sannan a zuba sabon mai da sabuwar filta. Mai mota yana da haƙƙin a nuna masa kwalin sababbin kayan, a kuma miƙa masa tsofaffin da aka cire.