Attaruhu da Safar Hannu

Duk wadda ta taɓa jajjaga attaruhu ta san wannan. Kin kwashe daga turmi, kin ɗauraye hannu sama-sama, kin shiga wata sabgar. Can sai ido ya yi ƙaiƙayi, yatsa ya kai kansa ba tare da shawara da ke ba, sai hawaye da salati. A gani hannun fes yake, amma yajin na nan maƙale a ƙarƙashin farce.

Da wannan misalin wani dattijo ɗan agaji ya buɗe mana darasi ranar da na fara zuwa koyon taimakon gaggawa. Ya ce jinin mutumin da ba ka sani ba ka ɗauke shi kamar attaruhu, sai dai shi ba ya zafi balle ya tuna maka. Mu duka tsoronmu ƙanjamau ne, ashe ciwon hanta nau'in B ya fi shi saurin kamu nesa ba kusa ba. Idan allurar da ta taɓa jinin mai ƙanjamau ta soki ma'aikaci, kusan 3 cikin 1,000 ne ke kamuwa. Na ciwon hanta kuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda ba a yi wa rigakafi ba, kuma ƙwayarsa na iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jini, a jikin kujerar mota ko gadon ɗaukar majinyaci. Zazzaɓin Lassa ma, da aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ma'aikatan jinya ya fara ɗauka. Shekara guda bayan haka Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, ajalinta ke nan.

Abin mamaki, safar hannun asibiti ba don majinyaci aka fara yin ta ba. Wajen 1890, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, maganin wanke hannu ya riƙa cinye fatar wata nas mai suna Caroline Hampton, sai likitan tiyata William Halsted ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata safar roba marar kauri. Daga baya ya aure ta. Wato dai asalinta tsumman sauke tukunya ne: abin da ke shiga tsakanin hannu da abin da zai cuce shi.

To amma kowace mai girki ta san halin tsumma. Wanda ya sha baƙin tukunya, in kika goge faranti da shi kin ɓata wankin. A nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Dubi mai sayar da awara a bakin tasha, ta ɗaura leda a hannu don tsafta. Da ledar take ɗebo awara, da ita take karɓar tsohuwar naira ɗari biyu, da ita take gyara ɗankwali, ta sake komawa cikin roba. Hannunta kaɗai ledar ta tsare. Na ga irin wannan a wurin wani hatsari a hanyar Kano zuwa Zariya. Wani matashi cikin rigar aiki, safarsa shuɗiya ta yi jina-jina, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya zaro, ya latsa, ya kara a kunne, ya mayar. Ya share gumi da bayan hannu, ya wuce kan mutum na biyu da safar nan dai. Na tabbata da dare da wayar zai kwanta, ƙila ma ɗansa ya yi wasa da ita. Ya ɗauki safa kamar laya, in dai tana jiki shi ke nan. Alhali ƙa'ida kowane majinyaci da tasa sabuwa.

Cirewa ma sai an koya. Kamar yadda uwa ke kwashe kashin kaza a tsakar gida da leda, ta juyo cikin ledar waje ta ƙulle, ƙazantar ta zauna a ciki. Ka tsunkuli bayan safar wajen wuyan hannu, ka zare ta tana juyewa, ka dunƙule ta a tafin da ke da safa. Sannan ka zura yatsu biyu ta cikin ɗayar, ka juyo ta ta haɗiye ta farkon. Bayan haka sabulu da ruwa, domin safa na iya samun hudar da ido bai gani ba. Basilin da man shafawa suna lalata ta roba, haka zafin rana in ta daɗe a aljihun mota. Wasu kuma robar ce ke sa musu ƙuraje da ƙaiƙayi, shi ya sa aka koma ga irin ta naitiril, wadda galibi shuɗiya ce. Dukansu ba sa tare allura ko fasasshen gilashi. Mai janyo mutum daga motar da ta lotse sai ya ɗora mai kauri ta fata.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne surutun 'yan kallo. Mutum ya tsaya daƙiƙa goma yana sa safa, sai ka ji ana cewa ƙyama yake yi, ko wai tsoron mutuwa. Waɗannan mutanen dai su ne ke tsinko ganye su jera a titi in mota ta lalace, kuma ba wanda ya ce da su matsorata. Babu kuma wanda ya taɓa zargin matarsa da ƙyamar tuwo don ta nemi tsumma kafin ta sauke tukunya. Safar ma ai har shi mai raunin take tsarewa daga abin da hannunka ya kwaso.

Yanzu akwai safar hannu guda huɗu a jakata, cikin wata 'yar leda, ina canza su in sun kwana biyu. Ranar da suka ƙare a Kwanar Dangora, wajen wata mai gyaɗa na je. Ta zaro baƙaƙen leda biyu ta miƙo min, ta ce, "Ungo Malam, yi sauri," ta ƙi karɓar kuɗi.