Injin Fetur Mai Turbo: Siffofinsa da Ƙarkonsa a Titunan Legas

1.0 Gabatarwa

Hausawan Agege sun yi suna tun zamanin fataucin goro da shanu, amma a yau jikokinsu da dama sun shiga dillancin motoci da tuƙi da kanikanci. Yawancin motocin da ke ratsa hannunsu na hannu ne, wato waɗanda ake kira tokumbo, masu shigowa ta tashoshin Apapa da Tin Can. A cikinsu akwai motocin gudu masu ɗauke da injin turbo, waɗanda wasu ke yi wa kirari, wasu kuwa ke gudunsu kamar annoba. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda wannan inji yake aiki, da kuma nuna cewa ƙarkonsa ya rataya ne a kan sharuɗɗan da masu ƙera shi suka gindaya, waɗanda ba kasafai Legas take cika su ba.

2.0 Yadda Turbo Yake Aiki

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa gawayi ba ya narkar da ƙarfe sai an haɗa shi da zugazugi. Haka abin yake ga inji. Fetur ba ya ƙonewa sarai sai kowane giram ɗaya nasa ya sami kimanin giram 14.7 na iska. Injin da ba shi da turbo yana zuƙar iska ne gwargwadon faɗin silindarsa, saboda haka ƙarfinsa yana da iyaka. Turbo shi ne zugazugin inji. Fanka biyu ne a kan sanda guda: hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana danna iska cikin silinda. Da iska ta ƙaru sai a ƙara fetur, ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Ta shiga motocin kasuwa a Amurka a 1962, sannan Porsche 911 Turbo ta 1975 ta ɗaukaka ta a tsakanin motocin gudu. Abin lura shi ne, sandar turbo tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, cikin hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyos. Baƙin mai ne kaɗai ya raba sandar da gidanta.

3.0 Misali: Injin N54

Kamfanin BMW na Jamus ya fito da injin N54 a 2006 cikin motar 335i. Silinda shida gare shi a jere, faɗinsa lita 3, gangar jikinsa ta alminiyam ce, kuma yana da ƙananan turbo guda biyu. Yana ba da ƙarfin doki 306, da ƙarfin murɗa na nitin-mita 400 wanda ke samuwa tun injin bai yi nisa da juyi ba. Ana fesa fetur kai tsaye cikin silinda ta hanyar famfo mai matsi ƙwarai. Ya lashe lambar injin shekara ta duniya a 2007 da 2008.

Duk da wannan yabo, a 2010 kamfanin ya janye kimanin motoci 130,000 a Amurka domin gyara matsalar famfon fetur ɗin. Haka nan an san injin da lalacewar famfon ruwa mai aiki da lantarki, da ƙarar ƙofar da ke rage hayaƙin turbo, da taruwar kunkunniya a bayan bawul ɗin shigar iska, tunda fetur ba ya bi ta nan balle ya wanke shi. Idan aka kwatanta shi da 2JZ-GTE na Toyota Supra ta 1993, wanda shi ma lita 3 ne mai turbo biyu, za a ga bambanci. Na Toyota gangar jikinsa ta zubin ƙarfe ce, kuma tsarin fetur ɗinsa mai sauƙi ne, shi ya sa ya yi suna wajen juriya. Darasin shi ne, fistin da ƙarangashaf ba su cika zama asalin ciwo ba. Kayan da ke kewaye da su ne suke fara gazawa.

4.0 Sharuɗɗa Huɗu da Halin Legas

Na farko, fetur. Iskar da aka danna tana ɗaukar zafi, kuma fetur mai rauni yakan kama wuta kafin fulogi ya ba shi izini. Irin waɗannan injuna sun fi son fetur mai lambar oktan 95 zuwa 98, alhali wanda aka saba sayarwa a Nijeriya yana wajen 91. Kwamfutar motar takan jinkirta tartsatsi domin kare fistin, ƙarfin da aka rubuta a takarda ya ragu. Daɗin daɗawa, a Fabrairun 2022 hukuma ta tabbatar da shigowar fetur mai yawan metanol, wanda ya lalata motoci a Legas.

Na biyu, baƙin mai. Man da bai dace ba, ko na jabu, ko wanda ya wuce wa'adinsa, yakan ƙone ya toshe siririn bututun da ke shayar da turbo. Kashe inji nan take bayan gudu mai tsanani yana ƙara wannan ɓarna.

Na uku, sanyaya. A cunkoson hanyar Legas zuwa Abeokuta mota takan yi sa'a tana rarrafe, iska ba ta ratsa lagireto, nauyin duka ya koma kan fanka da famfon ruwa. Al'adar cire tamostat da wasu kanikawa ke yi ba magani ba ce, domin injin yana buƙatar zafi daidaitacce.

Na huɗu, tsabtar iska. Ruwan ambaliya idan ya shiga silinda yakan lanƙwasa sandar fistin, ƙurar hunturu kuwa, ga masu kai motocin Kano ko Sakkwato, tana cinye fikafikan fankar idan matatar iska ta huje.

5.0 Kammalawa

Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, kuskure a cinikin mota ya ƙara tsada. Dillali ko mai saye a Agege ya kamata ya sa a duba motar da na'urar gano lahani, ya tayar da ita da sanyin safiya, ya lura da shuɗin hayaƙi da fito mai kama da jiniya, ya kuma tambayi farashin famfo da turbo a kasuwar Ladipo kafin ya biya. Alƙaluman da ke cikin littafin mota alkawari ne mai sharaɗi. Wanda zai iya ciyar da ingarma ya saye shi. Wanda ba zai iya ba, injin da ba shi da turbo ya fi rufa masa asiri.