Tohon Sankarar Hanji: Abin Da Ya Kamata Katsinawa Su Tambayi Likita

Masu iya magana kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan zance ya dace da wata alama da likitocin binciken tsoka ke dubawa a sankarar babban hanji da dubura, wadda za mu iya kira tohon sankara.

Shin mene ne wannan toho? Idan aka yi wa majiyyaci tiyata aka ciro kumburin, akan yanka shi siriri, a rina, a ɗora a ƙarƙashin madubin likita. A bakin iyakar da cutar ke kutsawa cikin lafiyayyar tsoka, wani lokaci akan ga ƙwaya ɗaya, ko gungun da bai wuce ƙwayoyi huɗu ba, ya ɓalle daga uwar kumburin. Waɗannan su ne 'yan gaba-dai, masu neman hanyar jini da ta kaluluwa domin su kai cutar wasu sassan jiki.

Tun a shekarun 1950 wani likitan Japan, Imai, ya lura da haka, amma sai a 2016 masana suka hallara a birnin Bern na Suwizalan suka amince da ma'auni guda. Akan zaɓi inda tohon ya fi yawa, a ƙirga shi a filin da bai cika murabba'in milimita ɗaya ba. Daga sifili zuwa 4 kaɗan ne, 5 zuwa 9 matsakaici, 10 zuwa sama kuwa ya yi yawa.

Amfanin ƙidayar a fili yake. Idan ɗan tsiro aka cire tun cutar tana farkonta, yawan toho na nuna mai yiwuwa ta kai kaluluwa, don haka a yi tunanin yanke wannan sashe na hanjin. Idan kuwa tana mataki na biyu, wato ta ci bangon hanji amma ba ta kai kaluluwa ba, yawansa na cikin abin da likita zai auna kafin ya ce a ƙara da maganin kemo ko a bar mutum ya huta. Ga magidancin da zai sayar da gona ya biya magani, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, abin da ya kamata ya rage wa jama'armu jigilar zuwa Shika. Sai dai na'ura ba ta yanke hukunci, rahoton binciken tsoka ne ke yi mata jagora. Ƙidayar toho kuwa ba ta buƙatar sabon inji. Rinin yau da kullum da ƙwararren ido sun wadatar. Saboda haka ya dace ta zama layi na dindindin a kowane rahoto.

Mu ma da namu laifin. Mutum zai daɗe yana ganin jini a bayan gida, yana ramewa, yana sayen maganin basir wurin masu lasifika a bakin kasuwa, har sai cutar ta gama jiki, lokacin da ƙidayar ba ta da sauran tasiri sosai.

Don haka mai karatu, jini a bayan gida na likita ne. Idan an yi wa naka tiyata, kada a yarda a zubar ko a binne abin da aka ciro kafin a bincika shi. In sakamako ya fito, a tambaya: wane mataki ne, kaluluwa nawa aka duba, kuma toho nawa aka ƙirga? Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.