Yawaitar Sura Tsakanin Madubai Biyu: Matsalar Zaɓen Kalma a Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a shagon aski a Maikunkele, hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso ta Jihar Neja, inda aka kafa madubi a gabansa wani kuma a bayansa, zai ga kansa a jere har iya ganinsa. Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin haka, da tantance kalmar da ta dace da abin da ake gani, domin idan malami ya kuskure sunan abu, ɗalibi zai kuskure fahimtarsa.

2.0 Yadda Abin Yake Faruwa

Shafaffen madubi yakan mayar da hasken da ya faɗa kansa, sai a ga abu a cikinsa daidai nisan da yake da shi a gabansa. Ibn al-Haisam ya yi bayanin wannan a Kitabul Manazir tun ƙarni na 11. Idan madubai biyu ne, abin da ya bayyana a na farko shi ne na biyu zai sake nunawa, ya mayar wa na farkon.

Yawan abin da za a gani ya danganta da kusurwar da ke tsakaninsu. Alal misali, a digiri 90 ana ganin 3, a digiri 60 kuwa 5. Wato an raba 360 da kusurwar, an ɗebe 1. Idan suna fuskantar juna sak, kamar na mai aski, a lissafi jerin ba shi da iyaka, sai dai yana dusashewa saboda kowane madubi yakan shanye wani kaso na hasken. Bisa wannan ƙa'ida David Brewster ya ƙera na'urar kaledoskof a 1816.

3.0 Wace Kalma ta Dace?

Kalmomi huɗu ne ke takara. Inuwa tana samuwa ne inda aka tare haske, alhali abin cikin madubi dawowar haske ce ke haifar da shi. Hoto, wanda aka aro daga Ingilishi, a daskare yake, amma na madubi yana motsi tare da mai shi. Sifa kuwa tuni masana nahawu suka keɓe ta ga rukunin kalmomi masu bayyana suna.

Saura sura. Kalmomin Larabci biyu ne, ɗaya da sadi ɗaya da sinun, suka haɗu a rubutun boko: surar jiki da surar Alƙur'ani. Amma da zarar an ce surar madubi, shubuhar ta kau. Haka kuma tana karɓar jam'i da ƙidaya: surori uku, surori biyar, sura ta farko, surar sura.

4.0 Kammalawa

An ga cewa yawaitar surori sakamako ne na kai-komon haske tsakanin madubai. Don haka ana ba da shawarar masu rubuta littattafan kimiyya da Hausa su tsaya kan surar madubi, su bar wa inuwa da hoto ma'anoninsu na asali.