Neman Ilimi a Intanet: Tsakanin Takaici da Sauƙin da Ke Ruɗi

Duk wanda ya zauna da ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu a Bauchi, na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ko na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, zai ji magana iri biyu game da bincike a intanet. Wasu na cewa, "Ai komai yana Google." Wasu kuma na cewa sun kwana suna laluben waya, data ta ƙare, caji ya ƙare, ba su tsira da komai ba sai ciwon kai. A ganina na biyun nan sun fi kusa da hanya, kuma na farkon ne ya kamata malamai su fi jiye wa tsoro.

A ɗauki misalin da ke bakin ƙofa. Ɗalibi mazaunin Ƙofar Ran ya so ya rubuta tarihin ganuwar garinsu da ƙofofinta. Ya rubuta tambaya, amsoshi suka zubo. Wani shafi ya ce masa an kafa Bauchi a 1805, wani ya ce 1809. Na uku ya kwafe na farko kalma da kalma, har da kuskuren rubutun suna. Ya ci karo da wata maƙala da ke da alamar ƙwari, yana dannawa sai aka nuna masa taƙaitawa kawai, sauran sai ya biya da dala. A nan ransa ke ɓaci, ya fara zargin kansa da rashin iyawa. Alhali saɓanin shekarun nan shi ne mafarin aikinsa: sai ya tono ya gane cewa karɓar tutar da Malam Yakubu ya yi daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daban, tasowarsa daga Inkil ya kafa birnin daban, kuma ba lalle marubutan biyu abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Wanda ya cafke shekarar farko da ya gani ya wuce abinsa hankali kwance, ya rasa wannan gaba ɗaya.

Masana harkar laburare sun daɗe da lura da wannan damuwa. A 1986 Constance Mellon ta yi rubutu kan fargabar da ɗalibai ke ji idan sun shiga laburare, kowa na zaton shi kaɗai ne bai san kan wurin ba. A 1991 kuma Carol Kuhlthau ta Amurka ta bayyana matakai shida da mai bincike ke bi, ta nuna cewa ruɗewa da shakku sukan ƙaru ne bayan an fara tara bayanai, kafin mutum ya tsayar da ainihin abin da yake nema. Wato tun kafin a san Google ake fama da wannan hali. Abin da intanet ya ƙara shi ne wata ƙofar gudu: a daidai lokacin da kai ya ɗauki zafi, ga shafuka suna tallar kundi gamamme, babi na ɗaya zuwa na biyar, a tura kuɗi a turo maka. Abin baƙin ciki ne ƙwarai a ga yaro mai basira ya faɗa wannan rami don kawai ba wanda ya taɓa gaya masa cewa ruɗewar da yake ciki kowa na shigarta.

Za a ce, to ai laburarenmu sun tsufa, littattafan cikinsu wasu sun girmi malaman, wa zai hana ɗalibi abin da ke tafin hannunsa? Wannan gaskiya ce, kuma ba wanda ke cewa a jefar da waya. Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, da rumbun mujallun Afirka na AJOL sun kawo wa ɗalibin Bauchi maƙalun da a da sai ya yi tattaki zuwa Zariya. Sai dai intanet ba ya ba da abin da ba a zuba masa ba. Rahotannin Turawan mulkin mallaka kan lardin Bauchi suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, wasu takardun suna cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, rubuce-rubucen ajami suna cikin gafakar malamai a zaurukan cikin gari. Kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kayayyakinsa da aka adana, yana nan kusa da Ƙofar Ran, ɗan unguwar na iya zuwa da ƙafa. Idan waya ta ce babu, sau da yawa ma'anarta ba a ɗora ba ne, kuma wanda ya nema da Hausa ya fi kowa cin karo da wannan "babu", duk da cewa Google Translate ya shigar da harshen tun 2013.

Wani kuma zai ce manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun kashe wannan magana, tunda suna ba da amsa a dunƙule. Nan ne ma hatsarin ya fi girma. Amsar takan zo sumul, ba tare da saɓanin da ke tilasta wa mutum tunani ba, kuma an sha kama irin waɗannan manhajoji suna ambaton littafin da ba a taɓa rubutawa ba. A fagen da rubutu ya yi ƙaranci, irin tarihin unguwa ɗaya a Bauchi, sun fi saurin cike giɓi da ƙage.

Don haka nauyin ya fi karkata ga malamai masu duba kundi da ma'aikatan laburare. Tambayar "Daga ina ka samo, shi kuma daga ina ya samo?" ta kamata ta zo tun a zaman farko, kafin a buga shafi ko ɗaya. Su kuma makarantun, kundayen da ɗalibansu suka rubuta shekara da shekaru kan Bauchi, wasu har da hirarraki da dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, suna jibge a kantocin sassa ƙura na cinsu. Na'urar ɗaukar hoton takarda da ma'aikaci guda sun isa a fara ɗora su.